Maƙwabcin Farfesa

"Mushe Inuwa, Yaya na kiranka," in ji Lantana, ƙanwar Alƙasim, daga bakin zaure; Mushe ake ce wa malamin boko a nan. "Ya ce in ba ka zo ba, a ɗauko shi a kawo maka."

Inuwa ya daɗe yana laluben takalmin da ke gabansa. Tun da aka dawo da Alƙasim garin Tamaske da ciwon hanta, motoci ba su daina tsayawa a ƙofar gidan da ke jikin nasa ba. Har yaran da Inuwa ya koya wa lissafi a kwaleji sai su ɗaga masa hannu kawai, su wuce gaida "Farfesa". Alhali benci ɗaya suka zauna da Alƙasim a lakwal, makarantar boko, kuma Inuwa ke zuwa na ɗaya. Shekarar da za su tafi jami'a mahaifinsa ya rasu, ya tsaya riƙon gida da gonar albasa. Alƙasim ya wuce Yamai, daga can sai Turai.

Inuwa ya same shi kwance a kan tabarma ƙarƙashin dogon yaro, idanu sun yi ɗorawa, wuya kamar kara.

"Zauna, Inuwa. Kowa ya zo sai ya ce Allah shi ƙara ilimi. Babu wanda ya tambaye ni mi nike yi. Kai ɗai za ka gane."

Ya miƙa yatsa ya zana da'ira a rairayi.

"Akwai rami zagayayye can ƙarƙashin ƙasa. Ana koro ƙwayoyin zarra daga gefe biyu da gudu kusan na haske, su yi karo, su tarwatse. Mu sai mu auna gudun ɓarɓashin. Tsohuwar doka ta ce masu tsananin gudu kusan babu su. Sai muka iske sun fi haka yawa."

Ya ja layi mai gangarowa, ya bar masa doguwar wutsiya. Tari ya sarƙe shi, Lantana ta ba shi ruwa.

"Ita tsohuwar doka, in ka haɗa abu biyu, hargitsin wanga ka tara da na wancan, shi ke nan. Nan kuwa ɓarɓashin suna jin juna, tarawa ba ta isa. Sai a shigo da lamba guda, q, wadda ta ɗan ɗara ɗaya." Ya rubuta lissafin a rairayin. "To, in q ta koma ɗaya daidai hwa?"

Tsohuwar doka za ta dawo. Inuwa ya ga haka tun kafin a gama tambayar, kuma ya ga abin yana da kyau ƙwarai. Ashe abin da ake tsayar da motoci dominsa, zama ɗaya ya isa ya shiga kansa. Ashe da shi ya tafi...

"Ban gane ba," in ji shi. "Mu nan iyakarmu tarawa da ɗebewa."

Alƙasim ya dube shi, ya daɗe. Sannan ya shafe zanen da tafin hannu.

"To. Yaya albasar bana?"

Suka yi zancen albasa har aka kira la'asar.

Inuwa ya ce wa ransa zai koma ya ba shi amsar. Washegari ya ga motar baƙi daga Tawa a ƙofar, ya fasa. Ranar Juma'a da hantsi yana ban ruwa a gona aka aiko masa cewa Alƙasim ya cika.

Da shi aka yi wanka, da shi aka ɗauki makara. Bayan an dawo daga maƙabarta, ana zaune a tabarmin gaisuwa, Lantana ta aiko masa da wayar mamacin daga cikin gida, wai tun safe take ƙara, Faransanci ake yi.

Wata mata ce. Ta ce tare suke aiki, ta ce za su yi taro da sunansa, mutane za su zo daga ƙasashe da yawa. Inuwa ya saurara yana kallon bangon gidansa.

"Kai abokin aikinsa ne a can?" ta tambaya.

"A'a," ya ce. "Maƙwabci ne."

Ta yi masa ta'aziyya, ta kashe. Liman ya ɗaga hannu, aka shafa fatiha, wasu suka tashi, wasu suka zauna. Wayar ta sake haske da lambar wata ƙasa. Inuwa bai ɗauka ba. Ya bar ta a tafin hannunsa tana ɗan girgiza, har ta yi shiru.