Ƙuri'ar Don Efraín

Saura kwana goma sha uku a yi zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, Xinia Barquero ta ga fuskarta manne a jikin turken wutar lantarki a bakin kasuwar Turrialba. Ta taka birki da ƙarfi har yaran da ke bayan motar suka yi kuwwa. Hoton da aka ɗauka ne ranar da Dakta Ileana Cubillo, 'yar takarar da suke goya wa baya, ta ziyarci ƙungiyarsu ta maza masu son maza da mata masu son mata. Dakta a tsakiya, tutar bakan gizo a bayanta, Xinia a gefe tana dariya, hannunta a kafaɗar Marielos. Mutanen ɗaya ɗan takarar, Arnoldo Vindas, ne suka buga shi, suka rubuta a ƙasa da manyan baƙi: Waɗannan za ku damƙa wa 'ya'yanku?

Shekara goma sha bakwai tana jigilar 'yan firamare a farar bas ɗinta, ba ta taɓa makara ba sai ranar da kogi ya cinye gada. Shekara ashirin da biyu kuma tana zaune gida ɗaya da Marielos, wadda ke sayar da magani a kanti. Unguwa tana kiran su 'yan uwa. Kowa ya sani, kowa ya bar kaza cikin gashinta. Kafin Juma'a iyaye uku sun aiko cewa sun sami wata motar. Ba wanda ya faɗi dalili, ita ma ba ta tambaya ba. Ta daina cin abincin kirki. Da waya ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi, domin kira ɗaya take tsoro, na gida, daga La Cuesta, ƙauyen da ke kan tudu inda mahaifinta da yayanta Olman suke noman kofi. Kiran bai zo ba, rashin zuwansa kuma ya fi damun ta.

Ranar Asabar da la'asar ƙungiya ta taru a shagon gyaran gashi na Minor, kamar kullum. Su wajen talatin ne, wasu a kujerun aski, wasu a ƙasa. Wata mata mai suna Yorleny ta zo daga ofishin yaƙin neman zaɓe, ta ƙi zama, ta ƙi shan kofi. Ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta kai ga abin da ya kawo ta: ratar da ke tsakanin Dakta da Vindas ba ta fi kaurin gashi ba, hoton nan kuma yana yi musu ɓarna a karkara. Ana roƙon su da su naɗe tutocinsu har a gama, kada su zo taron rufewa cikin launukansu, kada su yi hira da 'yan jarida.

"Wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi," in ji Minor, yana kaɗa almakashi. "Wata huɗu muna bin gida-gida, ƙafata har ta yi kanta. Yanzu mun zama najasa a bakin zane?"

Yorleny ta ce ba haka Dakta take nufi ba. Wani ya ce to ta zo ta faɗa da bakinta mana. Shago ya kaure da musu. Xinia tana jingine da bango, zuciyarta na gaya mata abin da ba za ta iya furtawa ba: idan Dakta ta faɗi, wataƙila dariyarta ce a jikin turke ta kayar da ita.

Marielos ce ta kashe maganar, ita da ba ta cika magana a taro ba. Ta tuna musu shekarar da aka yi wa Xinia aiki a ciki, yadda ita Marielos ta yini uku a barandar asibiti saboda an ce dangi kawai ke shiga, har sai da Olman ya sauko daga ƙauye ya sa hannu. Dakta ta yi alkawarin doka za ta san da zamansu. Vindas kuwa ya rantse sai ya toshe wannan ƙofa. Ta ce ita dai ba za ta koma waccan barandar ba saboda ƙyalle. A naɗe tuta, a fito da motoci ranar zaɓe a kai tsofaffi rumfa, kowa da kowa, ba tare da an tambayi wa za su zaɓa ba.

Aka yi rabon hanyoyi. Da aka zo La Cuesta babu wanda ya san kwane-kwanen hanyarta sai Xinia. Minor ya ce a ba wani, ta ce a'a, a bar mata.

Ranar Lahadin zaɓe ta tashi tun hantsi bai yi ba, ta ɗan taɓa shinkafa da wake da Marielos ta soya mata, ta kama hanya. Gari ya cika da hon da tutocin jam'iyyu, amma tana fara hawa tudu sai launi ya koma ɗaya, na Vindas, a kan kowane shinge. Ta ƙirga hotonta sau shida kafin ta daina ƙirgawa. A ƙofar coci tsofaffi suna jira cikin kayansu na fita. Wata tsohuwa da ta goya ta tana jaririya ta dube ta, ta dubi turken da ke kusa, sannan ta miƙo hannu a taimaka mata ta hau. Wasu maza biyu suka ce gara su taka da ƙafa.

A sawu na biyu ta tsaya a gida. Mahaifinta, Don Efraín, yana zaune a baranda da farar hularsa ta kaba, shekara tamanin da uku, yanar ido ta rufe masa gani sai dishi-dishi. Olman na tsaye kusa da shi, fuska a murtuke. Ta gaishe su. Olman ya ce shi zai kai Baba a babur. Tsoho ya ce ƙashinsa ba na babur ba ne, ya lalubi sandarsa ya nufi inda yake jin ƙugin inji. Dole Olman ya biyo su, ya zauna can baya. A hanyarsu ta zuwa makarantar da ake zaɓe tsohon ya tambaya ko an zuba tsakuwa a kwanar gada, ta ce ba a zuba ba.

Shugabar teburin zaɓe ta karɓi katinsa, ta ce tunda ba ya gani yana da damar shiga da mutum ɗaya da ya amince da shi, ya dangwala masa inda yake so. Olman ya riga ya matso.

"Xinia za ta shiga da ni," in ji Don Efraín.

"Baba, ka san ko wa take yi wa aiki? Hotonta ya cika gari."

"Ido ne ba ni da shi, kunnena lafiya lau. Zo mu je, 'yata."

Suka shiga bayan kwalin da aka kare kusurwar aji da shi. Ta shimfiɗa takardar: fuskoki biyu, Dakta a hagu, Vindas a dama. Wani fata ya taso mata wanda ba ta san tana ɗauke da shi ba, cewa ya zaɓe ta ne don ya faɗa mata a ɓoye abin da ya kasa faɗa shekara ashirin da biyu. Ta sunkuya ta kai kunnenta bakinsa.

"Vindas," ya ce a hankali.

Ta tsaya da alkalami a sama. Babu mai ganin ta, shi kansa ba zai gani ba. Ratar kaurin gashi, in ji Yorleny. Ta tuna Marielos a kan bencin asibiti da jakar kaya a cinya. Daga hagu zuwa dama bai kai taƙi ɗaya ba. Tsoho yana tsaye yana numfashi sama-sama saboda 'yar tafiyar da ya yi, hannunsa riƙe da gwiwar hannunta kamar yadda ita ta saba riƙe nasa a gonar kofi tana ƙarama. Ta sa alama a dama, ta linke takardar, ta ɗora yatsunsa a bakin akwati ya tura da kansa.

A waje Olman ya tare su a gindin bishiyar lemo. Ya ce yanzu wa ya san abin da aka dangwala, an tashi an ba kura ajiyar nama.

"Tunda aka haife ta ba ta taɓa yi mini ƙarya ba," in ji tsoho. "Shiru dai take yi. Ni ma shirun nake yi. Kai ne ba ka iya ba."

Ta mayar da shi gida, ta yi sawu huɗu bayan nan, har aka rufe rumfa ƙarfe shida. A hanyar saukowa ta tsaya a gefen titi ta kifa kai a sitiyari na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba.

Ta tarar da shagon Minor cike, ana kallon talabijin ana cin soyayyen rogo. Sakamakon farko ya nuna Vindas a gaba da kaɗan. Wata yarinya ta fita waje ta yi amai. Da ƙuri'un birane suka shigo sai abin ya juya, a hankali, har hukuma ta ce Dakta ta tsallake da ƙyar. Mutane suka rungumi juna, Minor ya zaro tutar daga ƙarƙashin tawul-tawul ya yafa. Dakta ta yi jawabi, ta gode wa manoma, da malamai, da matasa, da uwaye. Suka kasa kunne har ƙarshe, ba ta ambace su ba. Minor ya ce ba komai, gobe ma rana ce, amma bai dubi kowa ba da ya faɗa.

A hanyar gida Xinia ta gaya wa Marielos abin da ya faru a bayan kwali. Marielos ta tambaya, da a ce ƙuri'a ɗaya ce ta raba, fa? Xinia ta ce ba ta sani ba, kuma tun rana take yi wa kanta wannan tambayar. Marielos ta gyara zama, ta ce ta rage gudu, akwai masu murna a kan titi.

Washegari Litinin ta fito ɗaukar yara. A gida na biyar, na wani yaro da ba a ce an cire shi ba, ta danna hon sau biyu kamar yadda ta saba. Labule ya motsa. Ta bar injin yana aiki, ta zuba wa ƙofar ido tana jira.