Mayafin Asiya a Gonar Wake

Hambali wanzami ya aske rabin kan Ya'u, ya bar rabi, ya ninke aska ya ce, "Dakata tukuna, Kwamanda. Ashe da babban mutum muke zaune shekara da shekaru ba mu sani ba?"

Ya'u na zaune kan tabarma a bakin kasuwar Getso, kumfar sabulu na gangaro masa ta bayan kunne. Tare suka yi makarantar allo da Hambali, don haka ya ɗauka tsokanar da suka saba ce. Sai wanzamin ya miƙo masa waya.

Hoton wani mutum ne, fuska a naɗe, idanu kawai ake gani, ya riƙe wani dogon ƙarfe a ƙirji. A ƙasa an yi rubutu da Turanci, da jan fenti.

"Wai kai ne jagoran waɗanda suka tare motar nan a hanyar kudu shekaranjiya, suka kashe fasinjoji," in ji Hambali, yana dariya har da riƙe ciki.

Ba idanun Ya'u ya fara ganewa ba, ƙyallen ya gane. Tsohon mayafin matarsa Asiya ne, mai furanni, wanda yake rufe hanci da shi in zai yi feshin wake. Bara wasu ma'aikatan ƙungiyar noma suka same shi a gona suka ɗauke shi hoto. Yanzu wani gwani ya datse tankin feshin da ke bayansa, ya datse waken, ya bar sandar feshin ta zama bindiga. Shi da ko ragon layya sai ya kira maƙwabci ya yanka masa.

Ya so ya taya Hambali dariya. Sai ya tuna inda ya taɓa jin an rataye wannan hoton: bangon ɗakin 'yarsa Bushira, can kudu, inda take shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya.

"Ƙarasa mini askin nan," ya ce.

* * *

Bayan la'asar Bushira ta kira.

"Baba, na ciro hoton na kai wa Madam mai gidanmu. Na nuna mata tankin, na nuna mata waken."

"To alhamdulillahi. Ta gane ke nan."

"Ta gane tun kafin in nuna mata. Ta ce ba ita ce matsalar ba, samarin layin ne. Akwai ɗan cocinsu a cikin motar, Baba, jiya aka kawo gawarsa. Wata da ke shigowa ɗakina ta gaya musu ta san hoton."

"Yaushe ne jarrabawar taki?"

"Watan gobe. Madam ta ce in abin ya lafa zan iya zama."

Ya'u ya ce zai lafa, da muryar da uba ke yi wa 'ya alkawarin abin da ba ya hannunsa.

Bai lafa ba. A rediyo masu bugo waya suka rabu biyu: masu cewa duk Musulmin arewa haka suke, da masu cewa ba a ma kai wani hari ba, ƙage ne. Ya'u ya saurari duka bai ji inda zai zauna ba. A Gwarzo, wajen mai sayar da taki, wani da suka sha haɗa sahu a masallaci ya ce, ba tare da ya rage murya ba, "Ai su Fulanin nan, ko sun kama fartanya sai ka sa ido." Ya'u, da yake Bafulatani ne, ya yi kamar yana duba ɗinkin buhu. Yayansa Datti ɓarayin daji suka harbe a kan shanunsa shekarun baya, aka binne shi kafin azahar, babu wanda ya bugo rediyo.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne har yanzu bai ga fuskar ko ɗaya daga cikin mutanen motar ba. Ya tambayi Hambali sunayensu, Hambali ya laluba wayarsa ya ce babu. Duk inda ya kamata a sa su, mayafin Asiya aka sa.

* * *

Ranar Laraba wani ɗan jarida ya iso daga birni ta hanyar Kabo, takalminsa fes kamar bai taka ƙasa ba. Ya ce ya zo ne ya wanke Ya'u. Asiya ta dama fura da nono mai kyau, aka shimfiɗa masa tabarmar baƙi.

"Baba, da farko, kana Allah wadai da wannan hari?"

Ya'u ya dube shi. Ya ga kamar an tambaye shi ko yana ƙin wuta ta ci rumbunsa.

"Ɗana, wanda ya kashe rai Allah ya isa tsakaninmu da shi. Sai na faɗa kafin a sani?"

"Masu karatu suna so su ji daga bakinka."

Ya faɗa. Ya sake faɗa, don wai ƙarar iska ta shiga muryar da aka ɗauka da farko. Sannan baƙon ya ce ko za a ɗauko ƙyallen, Baba ya naɗa kamar yadda yake a hoton, don mutane su kwatanta su ga gaskiya.

Daga bayan ƙofa Asiya ta ce, "Malam, kar ka naɗa."

Ya'u ma ransa bai so ba. Amma mutum ya taso tun daga birni dominka, ya zauna a tabarmarka, ya sha furarka, ya roƙi abu ɗan wannan, da wane baki za ka ce a'a? Ba a yi masa irin wannan tarbiyyar ba. Ya naɗa mayafin, ya goya tanki, ya riƙe sanda, har yana tambaya ko ya tsaya daidai.

Labarin ya fito washegari, kuma ba ƙarya a cikinsa. Hambali ya sa an karanta musu tun daga sama har ƙasa. Sai dai kan labarin cewa ya yi, mutumin da ake nema ya yi magana. Kafin magariba an sake datse tankin. Yanzu hotunan sun zama biyu, na biyun ya fi na farko fitowa, ga sunansa cikakke, ga sunan garinsu, ga inda ya faɗa da bakinsa, cikin alfahari, cewa yana da 'ya mai karatun jinya a kudu.

Wannan karon Hambali bai ce Kwamanda ba.

* * *

Motar Kano ce ta sauke Bushira a tashar Gwarzo ranar Asabar, da akwati da bokiti cike da littattafai. Madam da kanta ta raka ta tasha, ta lulluɓa mata zanenta a kan hijabi har suka fita layin, tana kuka tana ba ta haƙuri. Makaranta ta ce ta dawo baɗi, in hali ya yi.

"Laifina ne," in ji Ya'u a zaure.

"Baba, kai ka tare motar?"

Ta buɗe akwati ta ciro hoton, cikakkensa, da tanki da wake da komai, ta rasa inda za ta rataye shi, ta kife shi a kan akwatin.

Waken bana ya fara fure, tsutsa kuma ba ta sauraron rediyo. Da hantsi Ya'u ya haɗa magani ya goya tanki. Asiya ta biyo shi ƙofar gida da mayafin a hannu.

"Malam, ka manta."

"Ban manta ba."

"Maganin nan fa yana kama ƙirji."

"Na sani. Gonar a bakin hanya take, Asiya. Kowa da waya a aljihu."

Bushira na tsaye a bayan uwarta. Ta karanta abin da wannan magani ke yi wa huhu, har an tambaye ta a jarrabawa ta ci.

Daga ƙofar gida suna hango shi yana bin kunya ɗaya bayan ɗaya, fuska a buɗe, iska na maido masa da feshin. Duk babur ɗin da ya wuce sai Ya'u ya tsaya ya ɗago kai sosai, don a gan shi da kyau, sannan ya juya ya yi tari.