Shaidar Mai Maɗaba'a

Shekara tara ana kiranta Manaja a maɗaba'ar nan, amma ko tawada ba ta isa ta saya ba sai tsohon da ya kafa wurin ya sa hannu. Da ta nemi gurbin digiri na biyu a makarantar koyon kasuwanci, aka ce sai maigidanta na wurin aiki, wato tsohon, ya aika wasiƙar shaida a rufe, wadda ita ba za ta gani ba.

Yana gyaran injin yankan takarda ta kai masa fom ɗin.

"Wato tafiya za ki yi," in ji shi.

"Shekara biyu ce kawai, Baba."

"Haka kowa yake cewa."

Daga ranar ya ɗauke mata wuta, gaisuwa ma da ka yake amsawa. Sakatariya ta tsegunta mata cewa ya kulle ƙofa ya rubuta wasiƙar, ya aika. Mutumin da yabo ke masa wuya kamar cire haƙori! Tsoro ya kama Manaja, don layi ɗaya daga gare shi ya isa ya rufe mata ƙofar makarantar.

Ranar ganawa a makarantar, malamai uku ta tarar a bayan dogon tebur. Ta tsakiyar, wata farfesa mai furfura, ta ɗaga takarda.

"Mun tambayi maigidanki babban rauninki. Kin san abin da ya rubuta?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"Ya ce, 'Ba ta iya yanke shawara ita kaɗai ba.'"

Manaja ta fid da rai. Shi ke nan, tsohon ya gama da ita. Amma farfesar ta ci gaba da karantawa:

"'Laifina ne. Ni na hana ta, don na san ranar da ta gane ba ta buƙatata zan rasa ta. Ku ɗauke ta, ku ba ta abin da na hana ta.'"

Bayan mako uku takardar samun gurbi ta iso. Ta kai masa ofis, ya karanta har sau biyu, gilashinsa a karan hanci.

"Kin amsa musu?"

"Na zo in ji ta bakinka tukuna, Baba."

Ya daɗe yana dubanta, tausayi da baƙin ciki duk a fuskarsa. Sannan ya miƙa mata takardar.

"Wannan kam, 'yata, kada ki tambaye ni."