Baƙin Keken Baba

Shekarar da gyaɗa ta yi albarka, yayana Abdussalam ya kwashi rabonsa kaf ya tafi Ɗanbatta wurin Madu mai kekuna, ya dawo da wani siririn keken tsere mai lanƙwasasshen kai. Kuɗinsa zai sayi irin na Babanmu guda huɗu har a ba ka canji. Ni dai da na gan shi na ce an cuce shi, don ko kariyar ɗora kaya ba shi da ita, tayar kuwa ba ta fi yatsana kauri ba. Abdussalam ya ce ai ni ba zan gane ba, a harkar keke gwargwadon rashin nauyi gwargwadon tsada. Ya sa yatsa biyu ya ɗaga shi sama a gaban jama'a, yara suna ta shewa.

Keken Baba kuwa baƙi ne mai sanda biyu, sai mun haɗu ni da ƙanwata Asama'u muke iya tsallakar da shi dokin ƙofa. Abdussalam ya sa masa suna jakin ƙarfe, kullum yana tsokanar Baba wai araha ba ta ado. Baba mutum ne marar jiki, tsufa ya ƙara tsotse shi, ba shi da yawan magana. Murmushi kawai yake yi ya ci gaba da goge kekensa.

Tsakanin ƙauyenmu da hanyar Makoda akwai rafi. Da rani yashi ne kawai, amma da damina in aka yi ruwa can sama, sai ya taho jawur ba sallama. Ba mu da gada. Abin da muka gada shi ne, ba a shiga ruwan nan kai ba kaya. Nauyi ne ke danne ƙafar mutum a ƙasa. Wanda ba shi da kaya sai ya ɗauki dutse daga tarin da ake ajiyewa a gaɓa, ya ɗora a ka, in ya haye ya ajiye wa na baya.

Ranar wata kasuwa a tsakiyar damina, Baba da Abdussalam suka makara a Makoda. La'asar ta yi sanyi, hadari ya sake haɗowa, Inna ta kasa zama, ta ce in je bakin rafi in duba. Tun daga nesa na ji rugugin ruwa. Na tarar da duwatsun duk an kwaso su zuwa gaɓarmu, 'yan kasuwar da suka riga su hayewa sun ƙarar da na can.

Na hango su a ƙetare. Baba yana nuna ruwan yana girgiza kai, da alama cewa yake su kwana a Makoda. Abdussalam kuwa bai saurara ba. Ya saɓa kekensa a kafaɗa ya faɗa ruwa. Baba ya naɗe riga, ya kinkimi nasa ya bi shi.

A tsakiya ruwan ya kai wa Abdussalam ƙirji, sai na ga ya tsaya cak. Ya ɗaga ƙafa zai taka, ruwa ya kwashe ta, da ƙyar ya mayar. Ya kasa gaba, ya kasa baya. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar yayana ba sai ranar. Wani reshen itace ya wuce ta gabansa yana juyi kamar kara.

Baba ya iso kusa da shi a hankali, taku ɗaya bayan ɗaya, baƙin keken yana danne da shi. Iska ta kawo mini maganarsa.

"Ba ni naka, karɓi wannan."

"Baba, kai fa?"

"Karɓa na ce. Kada ka waiwayo sai ka taka gaɓa."

Suka yi musaya. Da nauyin ya sauka a kafaɗar Abdussalam sai ƙafarsa ta kama ƙasa, ya fara tahowa. Ni ce nake fuskantar ruwan, don haka ni kaɗai na gani. Baba ya yi taku biyu da siririn keken nan a ka. A na uku ruwa ya ɗaga shi. Bai yi ihu ba, na tabbata don kada ɗansa ya juyo ne. Ni ma na toshe bakina da zani, na ƙura wa Abdussalam ido ina yafito shi da hannu har ya dafa gaɓa.

Ya jefar da keken, yana haki yana dariyar wanda ya tsira, ya ce mini, "Sauda, kin ga jakin nan ya yi rana." Sannan ya juya.

Washegari da hantsi aka samo gawar Baba a wata kwana can ƙasa, cikin saiwar wani faru. Keken tseren yana maƙale a jikin ƙaya kusa da shi, ko lanƙwasa bai yi ba. Masu neman suka kawo shi gida suka jingine a zaure, ba wanda ya taɓa shi har Madu ya aiko aka ɗauke.

Baƙin keken Abdussalam yake hawa har yau. Shi kaɗai yake tsallakar da shi dokin ƙofa, ba ya yarda kowa ya kama masa.