Ranar da Baba Ya Taka Birni da Ƙafa

Tun kafin a haife ni Baba yake tuƙa tasi a birnin nan. Da idanunsa suka fara hazo, sai yayyena maza suka haɗa baki suka karɓe makullin motar. Bai yi faɗa ba. Kujera ya jawo bakin taga ya zauna, yana gyara wa direbobi tuƙi ta cikin gilashi. Likita ya ce in bai tashi yana tattaki ba, ƙafafun ma za su bi sahun idanun. Ni ce auta, ni kaɗai ce kuma ba na zuwa aiki ran Asabar, don haka ni aka ɗora wa.

Na ce, "Baba, mu je tsohon gari. Mu ga hasumiyar agogo da gidan tarihi."

Ya ce, "Duk na san su. Babu wanda ban sauke fasinja a ƙofarsa ba."

"Ka taɓa shiga?"

"In shiga in bar wa wa motar?"

Muka fita da hantsi. Ba mu yi nisa ba na karya wani lungu da zai fitar da mu kai tsaye. Sai na ji babu takunsa a bayana. Na waiwaya, na gan shi tsaye a bakin lungun.

"Auta, nan wanwe ne, mota ba ta shiga ta wannan bakin."

"Baba, a ƙafa muke fa."

"Na gani. Amma wanwe ne."

Haka muka zagaya ta bayan gidan waya, muka sha rana, muka ɓullo inda lungun zai kai mu tun ɗazu.

A babban shataletale akwai wani mutum-mutumi na tagulla. Muka tsallaka muka tsaya a gindinsa. Baba ya ɗaga kai, ya kare ido da tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Ashe mace ce."

Na karanta masa rubutun da ke jiki: wata ungozoma ce da ta kafa asibitin farko na garin.

"Ni kuwa duk baƙon da ya tambaye ni, cewa nake wani janar ne. Har yaƙin da ya ci nake ba su labari." Ya gyara hularsa. "To, Allah ya ji ƙanta. Ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi."

Gidan tarihin na da sanyi da ƙamshin man goge katako. Tukwane, takubba, tsofaffin ma'aunai, kowanne a akwatin gilashi. Baba ya wuce su kamar yana wuce motocin da aka faka. Sai da ya ga shatin yatsu a jikin wani gilashi sannan ya tsaya, ya zaro hankici, ya hura masa iska ya fara gogewa. Ma'aikaciyar ɗakin ta taso da sauri.

"Baba, ba a taɓawa."

"Ba taɓawa nake ba, 'yata, gogewa nake. Ta yaya mutum zai ga gabansa a haka?"

Ta duba gilashin, ta dube shi, ta koma kujerarta.

A bakin ƙofar fita muka tarar da wani dattijo mai sanda da matarsa, baƙi ne daga wani gari, suna tambayar mai gadi hanyar tsohuwar gada. Mai gadin yana ta nuna gabas da yamma. Baba bai iya jurewa ba. Ya matsa ya ce su miƙe har gidan mai, su bar danja ta farko, su ɗauki hannun dama in babu 'yan sanda. Dattijon ya ce, in akwai fa? Baba ya ce, "Ku biyo ni kawai."

Shi a gaba, baƙin a baya, ni a can ƙarshe riƙe da gorar ruwa. Yana magana ba ya waiwaye. In za mu karya kwana sai ya miƙa hannu gefe ya ba da sigina. Matar ta ɗauka wani abu yake nuna musu, duk inda ya miƙa hannu sai ta ɗauki hoto.

A gindin hasumiyar agogo dattijon ya tambaya, "Malam, yaushe aka gina ta?"

"A nan na same ta," in ji Baba. "Amma kun ga wancan kantin takalma? A gabansa wata mata ta haihu a motata. Namiji. Mijin ya suma, sai da na kai mutum uku asibiti maimakon ɗaya."

Dattijon ya jinjina kai. Matar ta ɗauki hoton kantin takalman.

Haka ya yi ta yi. Tsohuwar kotu ta zama inda tayarsa ta taɓa fashewa ana ruwan sama. Gidan gwamna na da, inda wani ango ya manta takalminsa a but ɗin motar Baba. Na buɗe baki zan karanta musu abin da aka rubuta a allon bayanin da ke wurin, matar ta ɗaga mini hannu. "Bari, 'yar nan, muna sauraren babanki."

Da muka hau gadar, Baba ya rage sauri. A tsakiya ya tsaya, ya dafa katangar gefe ya leƙa. Kogin na tafiya a hankali, ga wani mutum a kwalekwale yana jan koma, ga fararen tsuntsaye a kan yashi. Motoci na wucewa a bayanmu, gadar na ɗan girgiza. Ban taɓa ganin Baba ya juya wa titi baya ba sai ranar.

"Daga kujerar direba katangar nan kawai ake gani," ya ce da ni a hankali. "Kullum ina jin fasinja suna cewa kai, dubi ruwa."

Baƙin suka jira shi har ya gaji don kansa. Da za mu rabu, dattijon ya riƙe hannunsa ya yi ta godiya, Baba kuwa ya ce su duba ko sun manta wani abu.

A gida Inna ta kawo ruwan ɗumi a roba, ya tsoma ƙafafunsa da suka kumbura. Ta ce, "To, me ka gano?"

Ya ce, "Garin nan tudu gare shi. Ba wanda ya taɓa gaya mini."

Asabar ta gaba, ban gama karyawa ba na ji shi a bakin ƙofa yana tambayar ko na shirya. Ya aro takalmin ƙwallon babban yayanmu, ya ɗaure igiyar tam, wai yau tashar jirgin ƙasa za mu, kuma wannan karon zai shiga ciki.