Abin da Awakin Goggo Ke Lasa

Tun da Goggo ta gaji taraktar mijinta, ƙanin marigayin ya sa ta a gaba sai ta sayar. "Yaya, tsatsa ta gama da ƙarfen tayar baya," in ji shi. "Ko masu sayen tsohon ƙarfe sai dai su yi miki alfarma."

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne awakinta sun bar dusa sun koma lasar tayar. Ta dangwali damshin da ke jikin tayar ta ɗanɗana, ta ji gishiri. Sai ta tuna mijinta yakan ɗura wa tayoyin ruwan gishiri don su yi nauyi su kama ƙasa. Ashe bawul, wato bakin da ake ɗura wa tayar iska, shi ne ke yoyo, ruwan yana cin ƙarfen.

Mai faci ya zuƙe ruwan ya cire tayar. Ita da hannunta ta kankare tsatsar, mai walda ya toshe huji ɗaya, ta shafe ƙarfen da fenti.

Ranar huɗa ta tuƙo taraktar ta ƙofar gidan ƙanin mijin nata, ta rage gudu.

"Ƙanena, gonarka fa? In zo in yi maka alfarma?"