Baƙin Zane a Kan Igiya

Karo na uku ke nan tun safe mai wanki tana kwashe shanya a guje. Ta shigo rungume da zannuwan gadon otal ɗin da take yi wa wanki, jiƙe sharkaf, ta zube su kan tebur.

Ƙanwarta, da ke guga, ta leƙa ta taga. Sama fes, rana kamar ta fasa kai.

"Yaya, wai wane hadari kike gudu?"

"Walƙiya aka yi. Ta gabas."

"Ɗazu kin ce ta yamma."

"To, ni na aike ta?"

Gaskiyar magana, walƙiyar nan ba ruwanta da gabas ko yamma. Duk inda mai wanki ta juya, ta hagu take zuwa, ta idon da wayar shanya ta tsinke ta zabga mako uku da suka wuce. Kumburin ya sace, jan ya washe. Amma ranar sallama daga asibiti likita ya ja mata kunne: in ta ga walƙiya, ko wani duhu kamar labule, ta dawo a ranar, in ba haka ba idon zai tafi. Ita kuwa, baiwar Allah, shekara ashirin da biyu ruwa bai taɓa shammatar shanyarta ba. Gara mata a ce sama ce ke tsokanarta.

Ta mayar da kayan waje. Tana cikin bazawa sai ta hango baƙin zane a ƙarshen igiya, yana kaɗawa dab da fararen.

"Ke! Wa ya ce ki shanya baƙi kusa da fari? So kike ya yi zuba?"

Ƙanwar ta fito. "Wane baƙi, Yaya?"

Mai wanki ta kai hannu ta cafko iska. Ta juya kai, zanen ya biyo ta. Ta rufe idon hagu da tafin hannu, sai ga igiya fara fat.

Ƙanwar ba ta yi dariya ba. Ta koma ta kashe dutsen guga.

"Sa takalminki."

"Kayan otal fa? Ƙarfe huɗu za su aiko."

"Su aiko. Da wane ido za ki ga dattinsu gobe?"

Bas ɗin asibiti ta daɗe a cunkoso, har gari ya sauya fuska. Can sai haske ya gifta. Mai wanki ta damƙe gwiwarta.

"Kai, yau akwai ruwa!" in ji kwandasta. "Ku ja gilashi!"

Ƙanwar ta zabura. "Yaya, shanya!"

"Wannan kowa ya gani?"

"Kowa."

Mai wanki ta sauke ajiyar zuciya. Ruwa ya fara dukan rufin mota. Baƙin zanen yana nan gefen idonta, yana kaɗawa.

"Bar su su jiƙe," in ji ta. "A fara sauke mini wannan tukuna."